Tambaya da Amsa: Na Samu Mai Busa Dijiridu Zai Koya Min, Ta Yaya Zan Gane Gwani Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya iyali. Ni ɗalibi ne ina karatu a Darwin a arewacin Ostireliya. Akwai wata kasuwar yamma da ake ci a bakin teku a Mindil, nan na ga wani Bature yana busa wani dogon icce mai rami da suke ce wa dijiridu, wallahi ya fi minti goma yana busawa sautin bai yanke ba ko sau ɗaya, abin ya ɗaure min kai. Da na yi masa magana sai ya ce yana koyarwa kuma yana da ɗan situdiyo a gida, in na iya zai ɗauke ni rikodin. Ina da sha'awa sosai don kakana mai algaita ne, amma kuɗin da ya faɗa ba kaɗan ba ne ga ɗalibi. Shin wannan dogon numfashin ya isa shaidar cewa gwani ne? Kuma me zan duba kafin in ba shi kuɗina? (Daga wani ɗalibi ɗan Katsina, Darwin)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya wasiƙarka ta faranta min rai, musamman da ka ambaci kakanka, don amsar tambayarka ta farko tana gidanku. Ka tuna yadda mai algaita yake cika kumatunsa su yi tim, yana busa take a gaban sarki ba ya tsayawa? Toh dabara ɗaya ce sak. Mutum yana tara iska a kumatu, sai ya matse ta da kumatun da harshe tana fita ta baki, a daidai wannan lokacin kuma yana zuƙar sabuwa ta hanci da sauri. Ba numfashi ne mai tsawo ba, numfashi ne gajeru da yawa waɗanda ba ka gani. Wanda ya dage yana iya kama ta cikin 'yan makonni, wani ma kwanaki. Akwai wani mabushi ɗan asalin ƙasar, Mark Atkins, da ya taɓa yin sama da minti 50 bai yanke ba, amma ko shi ba don wannan ake girmama shi ba, don kiɗansa ne. Saboda haka a'a, minti goma ba shaida ba ce, matakin farko ne kawai, kamar a ce yaro ya iya riƙe alƙalami.

Kafin ka auna mutumin nan ya kamata ka san abin da yake riƙe da shi. Wannan icce na mutanen asalin Ostireliya ne, kuma ba dukansu ba, na mutanen can arewa ne, musamman yankin Arnhem Land wanda yake gabas da inda kake zaune. Mutanen Yolngu na arewa maso gabas suna ce masa yidaki, na yammacin yankin suna cewa mako, shi sunan dijiridu ɗin ma ba nasu ba ne, baƙi ne suka laƙaba masa suna kwaikwayon yadda sautin yake a kunnensu. Ba sassaƙa ramin ake yi ba, gara ce take cinye cikin itacen turare tun yana tsaye da ransa, mai yi sai ya shiga daji yana ƙwanƙwasa itatuwa yana saurara har ya ji wanda cikinsa ya yi daidai, ya sare, ya ɓare ɓawon, ya share cikin, in bakin ya yi faɗi ya liƙa kakin zuma. Yawanci tsawonsa daga mita 1 zuwa mita 1 da rabi. Za ka ji masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido suna cewa ya shekara 40,000, amma zanen da aka samu a jikin duwatsu a arewa wanda yake nuna mai busa shi bai wuce na shekara 1,000 zuwa 1,500 ba. In malaminka ya fara maka da shekara 40,000 to ka san a bakin kasuwa ya yi karatunsa.

Yanzu gwaninta. Iccen nan ba shi da ramukan yatsu irin na sarewa ko algaita, amo ɗaya ne da shi, leɓɓa ne suke karkarwa a bakinsa kamar na mai kakaki sai dai a sake ba a matse ba. Toh tunda amo ɗaya ne, ina kiɗan yake? Yana cikin bakin mutum. Harshe ne yake bugawa kamar makaɗi a kan ganga, yana matsowa gaba sautin ya yi tsini, ya ja baya ya yi kauri, maƙogwaro yana ƙara murya a kai, ciki yana turo iska da ƙarfi a wajen da ake son nauyi, sannan akwai wata ƙara ta sama kamar ta ƙaho da ake samu in an matse leɓɓa, wadda mabusan Yolngu suke jefawa a tsakiyar kiɗa cikin sauri har ka rasa yaushe suka shiga yaushe suka fita. Masu bincike a jami'ar New South Wales da ke Sidni sun auna wannan a 2005, suka nuna cewa yadda mabushi yake siffanta cikin bakinsa da maƙogwaronsa shi ne yake canza launin sautin sosai, fiye da yadda yake faruwa a sauran kayan busa. Wato dai rabin kayan kiɗan jikinka ne.

Don haka in ka koma kasuwar, ka rufe ido ka saurara. Shin kana iya tafa hannu a kan kiɗansa ba tare da ya gudu ya bar ka ko ya ja da baya ba? Shin in ya zuƙi numfashi kiɗan yana ramewa a wajen, ko kuwa numfashin ma ya zama wani ɓangare na bugun? Wannan na biyun shi ne babban abin da nake dubawa, don gwani yana ajiye numfashinsa ne a inda kiɗa yake so, ba inda huhunsa ya matsa masa ba. Sannan ka lura ko yana da abin faɗa bayan minti biyu na farko. Da yawa daga masu busa wa 'yan kallo abin da suke da shi kukan kare ne da kukan tsuntsu da tsallen kangaru, mutane su yi dariya su jefa kuɗi, ba laifi ba ne neman abinci ne, amma in an cire waɗannan sai ka ji babu komai a ƙasa sai gurnani.

Kuma akwai gwajin da ya fi duka, ka ga ko ya iya bin wani. A wurin masu abin, yidaki ba ya tafiya shi kaɗai, mai waƙa ne a gaba yana buga 'yan sanduna biyu da suke kira bilma, masu rawa suna bi, mai busa kuma aikinsa ya riƙe su, ya san inda waƙa za ta juya da inda za ta tsaya cak. Kamar dai ɗan amshi ko mai kalangu a bayan mawaƙi, in ya cika son a ji shi ya ɓata waƙar. Ka ce masa zaka rera wani baiti ko ka tafa masa wani kiɗa na gida ya bi ka. Cikin minti ɗaya za ka san ko yana da kunne. Ina ba ka shawara ka nemi William Barton ka saurara, ɗan ƙabilar Kalkadunga ne haifaffen garin Mount Isa a 1981, wajen kawunsa Arthur Peterson ya koya tun yana ƙaramin yaro, yana da shekara 17 ya busa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta jihar Queensland, daga baya ya yi aiki da mai tsara kiɗa Peter Sculthorpe har aka gabatar da wani babban aikinsu a bikin fasaha na birnin Adelaide a 2004. Mutum ɗaya da icce a tsakiyar masu goge da masu ƙaho da yawa, ka ji yadda yake sassautawa ya ba su wuri sannan ya taso. Wannan ita ce gwanintar da nake nufi.

Sai koyarwa, kuma nan ne nake so ka fi buɗe ido don nan kuɗinka za su tafi. Iya busa daban iya koyarwa daban, kuma wannan kayan yana da wata wahala ta musamman, duk abin da ake yi a ɓoye yake cikin baki. Mai koyon garaya yana kallon yatsun ubangidansa, kai kuwa ba abin da za ka gani sai kumatu. Shi ya sa Yolngu suke koyarwa da baki tukuna, malami ya furta kiɗan da wasu gaɓoɓi kamar su "dit" da "du" da "dirrl", yaro ya yi ta maimaitawa ba icce a hannunsa har harshensa ya saba, sannan ya mayar da su cikin iccen. Kai da ka fito daga gidan mabusa ka san haka ake yi da take, sai ka iya faɗinsa da baki kafin ka iya busa shi. Toh ka tambayi mutumin nan ya faɗa maka kiɗansa da baki. In ya iya, ya san abin da yake yi. In ya ce ai kawai ji ake yi a jiki, to mai yiwuwa ya iya busawa amma ba zai iya ba ka ba.

Malamin kirki ba zai fara maka da numfashi ba ma. Zai bar ka kwana da kwanaki kana gyara amon farko har ya fito tas ba iska tana tsiyaya ta gefen baki, don wanda yake ɓarnar iska ba zai taɓa samun lokacin zuƙa ba. Bayan nan sai ya sa ka guntsi ruwa kana fesarwa kana shaƙar iska ta hanci, ko ya ba ka bututun shan lemo da kofin ruwa ka yi ta kumfa kar ta yanke. Kuma zai saurare ka fiye da yadda zai busa maka. In awa ɗaya ka biya ya cinye minti 40 yana nuna maka bajintarsa, kallo ka biya ba karatu ba. Ka roƙe shi darasi ɗaya na gwaji, kuma ka ce kana so ka ji ɗalibinsa ɗaya da ya yi wata shida, don ɗalibi shi ne shaidar malami.

Abu na ƙarshe a kan wannan, kuma har ga Allah ya fi damuna, ka tambaye shi wa ya koya masa. Kasancewarsa Bature ba aibu ba ne, manyan Yolngu da kansu sun koya wa baƙi. Marigayi Djalu Gurruwiwi na zuriyar Galpu, wanda ya rasu a 2022, mutane daga Japan da Turai da Amurka sun yi ta zuwa gidansa kusa da garin Nhulunbuy a Arnhem Land yana karɓarsu yana koya musu, har gidan tarihi na Adelaide ya shirya babban baje kolin yidaki tare da shi da danginsa a 2017. Amma wanda ya koya ta hanyar da ta dace zai faɗa maka sunan malaminsa da garinsa, zai gaya maka cewa akwai kiɗan da na ibada da bukukuwan dangi ne ba a ba shi ba kuma ba zai taɓa ba, zai kuma bambance maka salon zamani da shi yake yi da salon gargajiya. Mutanen nan an ƙwace musu ƙasa, an raba su da 'ya'yansu, yanzu kuma ana cika shaguna da iccen da aka huda da inji a wata ƙasa an yi masa ɗige-ɗigen fenti ana sayarwa da sunansu. In za ka sayi naka ka nemi na cibiyar fasaha ta Buku-Larrnggay Mulka da ke garin Yirrkala a Arnhem Land ko irinta, inda za a gaya maka wanda ya yi shi kuma kuɗin ya isa hannunsa. Kana Darwin, kana kusa da masu abin fiye da kusan kowa a duniya, kar ka dawo gida ba ka zauna ka ji su ba. Batun situdiyonsa kuwa karanta amsar da ke ƙasa, ta shafe ka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da ƙaramin situdiyo, na ga yadda ake yin dijiridu da bututun roba na famfo a YouTube na yi nawa, yana kuma yin sauti. Matsalar in na ɗauka sai ya fito kamar ƙarar janareta, a waya kuma kusan ba a jin komai. Ina kuskuren yake? (Daga wani mai haɗa kiɗa, Kano)

AMSA: Barka kadai ɗan uwa, kuma sannu da ƙoƙari, bututun roba hanya ce mai kyau ta farawa, mai faɗin milimita 40 in ka yanka shi wajen santimita 120 zai ba ka amo kusa da wanda makaɗa suke kira D, in ka ƙara tsawo ya ƙara zurfi. Matsalarka biyu ce kuma tushensu ɗaya. Asalin amon wannan kayan yana can ƙasa sosai, wajen karkarwa 60 zuwa 80 a daƙiƙa, sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da wannan ko kaɗan. Abin da kunne yake kamawa ya ce "wannan dijiridu ne" yana sama, wajen 1,000 zuwa 2,000, kuma harshe da baki ne suke samar da shi. In babu wannan na saman a busarka to makirufo ba zai ƙirƙiro maka shi ba, sai gurnanin kawai, shi ne janaretan da kake ji. Ka fara gyara busar, ka yi ta motsa harshe kamar kana cewa "iii" sannan "ooo" har ka ji wani siririn sauti yana yawo a saman amon.

Sannan kar ka cusa makirufo cikin bakin bututun, kusan kowa haka yake farawa. Ka ja shi baya kamar taƙi ɗaya ko biyu, ka ɗan karkatar da shi gefe don kar iskar ta riƙa dukansa, ko irin Shure SM57 ɗin nan da ke kowane situdiyo ya wadatar. In kana da na biyu ka sa shi nesa kaɗan ya ɗauko ɗakin, ko kusa da fuskar mai busa ya ɗauko shaƙar hanci, don wannan shaƙar tana cikin kiɗan, masu goge ta suna kashe rai ne a rikodin. Amma in ka haɗa biyu ka saurare su tare, in ka ji bes ɗin ya rame maimakon ya ƙaru to suna cin juna ne, ka matsar da ɗaya kaɗan ko ka juya fuskar sautinsa a kwamfuta. Ɗaki ma yana da nasa, ƙaramin ɗaki mai siminti tsirara yana kumbura bes ya dagula komai, ka shimfiɗa darduma, ka jingina katifa a kusurwa, kar kuma bakin bututun ya kalli lungu.

Ka bar wa sautin sarari wajen ɗauka, don in mai busa ya yi ihu a ciki ko ya buga ƙarar ƙahon nan ƙarfin yana tashi farat ɗaya ya fashe. Kuma ka kashe duk wani abin rage hayaniya, na waya ko na kwamfuta, domin shi a wurinsa duk sautin da ya daɗe bai canza ba hayaniya ce kamar fanka, sai ya yi ta yanke maka amon. Masu koyo ta Zoom ma wannan ne yake cinye musu darasi sai sun kunna saitin sauti na asali na makaɗa. Wajen mikis, in akwai gangar bes ko bes gita a waƙar dole ɗaya ya ba ɗaya wuri, kuma ka tuna bututun ba ya canza amo, waƙar ce za a ɗora a kansa.

Kai kuma ɗalibinmu na Darwin, da wannan za ka auna situdiyon mutuminka. Ka ce ya ba ka rikodin ɗinsa ɗanye wanda ba a zuba masa amsa-kuwwa ba, ka ji a waya ka ji a sifika babba. In kana jin bugun harshe da numfashi a duka biyun, ya san aikinsa. In ko ya lulluɓe komai da amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, yawanci wani abu ake ɓoyewa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Na ji an ce busa wannan abin yana maganin minshari, maigidana yana fama da shi har numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci. Gaskiya ne? Kuma ni mace zan iya koya? ('Yar uwarku daga Maraɗi)

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Maganar tana da tushe. Likitoci a Zurik ta ƙasar Siwizalan sun yi gwaji da mutum 25 masu wannan matsalar, wasu aka koya musu busa suka yi wata 4 suna yi kusan kullum wajen minti 25, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Birtaniya a ƙarshen 2005. Waɗanda suka busa barcin rana ya ragu musu, ɗaukewar numfashin ma ta ragu, matansu da mazansu kuma suka ce sun fi samun barci. Dalilin da ake gani shi ne busar tana ƙarfafa naman maƙogwaro da harshe wanda yake saki ya toshe hanya in an yi barci. Amma mutum 25 kaɗan ne, kuma masu matsakaiciyar matsala aka gwada. Numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci ba abin wasa ba ne Hajiya, yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, dan Allah ku fara ganin likita, busar ta zo a matsayin ƙari in likitan ya yarda.

Batun mace kuwa, a bukukuwan gargajiya na masu abin maza ne suke busawa, wannan babu saɓani. A wajen biki ne ra'ayi ya rabu, akwai dattawan arewa da ba su ga laifi mace baƙuwa ta koya ba, akwai kuma al'ummomi da yawa musamman a kudu da abin yake ɓata musu rai sosai. In a ɗakinki ne da bututun roba kina taya maigida motsa maƙogwaro, ban ga wanda kika taka ba. In kuma wata rana Allah ya kai ki ƙasarsu, ki tambayi mutanen wurin kafin ki ɗauka a gaban jama'a. Ku sa a yanko muku bututu biyu a wajen masu kayan famfo, a goge bakin da kyau ko a liƙa kakin zuma don kar ya yanke leɓe, ramin bakin ya zama kamar santimita 3, ku fara da minti goma bayan la'asar.